Amsar tambayar Kawu kan siket ɗin mazan Sikotlan

Salamu alaikum 'yan gida. Kawu ina wuni, ya shago, ya yaran aiki? Na ji muryarka tun da safe, ina cikin aji ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce ka ga hoton bikin nan da na tura, maza da siket, kana tambaya wai bugawa ake yi kamar atamfa ko kuwa saƙa ce, kuma me ya sa zanen bayan wani ya bambanta da na gabansa. To wallahi idon tela daban ne, duk gidan nan dariya kawai aka yi, kai kaɗai ka lura da bayan.

Da farko dai, a gaban mutanen Sikotlan kar ka ce siket, ba sa so. Kilt suke ce masa, yadin kuma tatan. Kuma babu bugu ko ɗaya a ciki, saƙa ce zalla, da zaren ulu da aka rina tun kafin a kai shi masaƙa.

Ka tuna saƙin nan namu na babbar riga, mai baƙi da fari ƙanana-ƙanana? To dabarar kusan ɗaya ce, sai dai su sun faɗaɗa ta. Wajen wadari ake fara lissafin. A jera zaren tsaye da ƙirga, a ce misali ja ashirin da huɗu, baƙi huɗu, kore ashirin, sannan a juyo da baya, kore, baƙi, ja, kamar mutum ya kalli madubi. Idan aka zo jefa ƙoshiya, zaren kwance shi ma wannan ƙirgar zai bi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa zanen ke fitowa gida-gida kamar gidan dara, ta duk inda ka juya shi.

Yauwa, ga inda abin ya burge ni. Zaren kwancen ba ɗaya sama ɗaya ƙasa yake tafiya ba. Biyu zai haye, ya shige ƙarƙashin biyu, a layi na gaba kuma ya gusa da zare ɗaya. Idan ka kawo yadin kusa da idonka za ka ga wasu siraran layuka a karkace, irin na jikin wandon jins. To inda ja ya haɗu da ja, ja ne sak. Inda ja ya ratsa baƙi, rabi da rabi ne, daga nesa sai ka rantse wata kala ce ta uku aka rina. Zare kala biyu yana ba da launi uku, kala shida kuwa launi 21 za ka ƙirga a jikin yadin. Ni da na ji haka sai da na zauna da biro na gwada, ya fita daidai.

To yanzu ɓangarenka, ɗinki. Kawu, na namiji babba yadi takwas yake ci. E, takwas, ba kuskure na yi ba. Idan yadin mai faɗi ne sai a sayi huɗu, a tsaga shi biyu ta tsawo, a haɗa, a ɓoye mahaɗin cikin ninki. Gaban shimfiɗe yake, falle biyu ɗaya kan ɗaya. Duk sauran yadin baya yake tafiya, a tattara wajen 25 zuwa 30, gwargwadon jikin mutum da girman gidan zanen.

Na tsaya na kalli wata dattijuwa tana yi a wani shago a Edinbura, babban birnin Sikotlan, kusan awa guda ina tsaye har ta ba ni kujera. Babu keke a gabanta, allura ce da alli da tef. Abin da ake gani na kowace tattara bai cika inci ɗaya ba, amma abin da ta cusa a ciki ya kai tsawon gidan zane guda, wajen inci shida. A nan amsar tambayarka take, don hanya biyu ce. Ta farko, kowace tattara sai ta gusa kaɗan daga inda ta baya ta tsaya, yadda idan suka jeru sai su sake gina zanen gaba ɗaya, baya ya zama kamar gaba, kamar ba a ninke komai ba. Ta biyu, sai a zaɓi layi ɗaya, a ce rawaya, a sa shi ya faɗo a tsakiyar kowace tattara. Sai bayan ya koma ratsi-ratsi a tsaye, sauran launukan suna ɓoye, sai mutum ya taka ko ya juya su leƙo su koma. Wannan ta biyun sojoji aka sani da ita. A hoton, angon ta farko ya sa, mai busa algaitar nan tasu mai jaka kuma ta biyu. Ni dai ta biyun ta fi mini kyau in ana tafiya, amma ta farkon ce ke nuna gwanin tela, don kuskuren zare biyu ma sai ya fito fili.

Kuma ba har ƙasa ake ɗinke tattarar ba. Daga ƙugu zuwa kwankwaso kawai, tana ɗan tsukewa ta sama don ta bi jiki, kuma layin ya zauna a tsakiya duk da tsukewar. Sai a yanke tulin yadin da ke ciki a wurin don kar ya yi kauri, a sa shafi mai ƙarfi, a danne da guga mai tururi. Ƙasan kuma babu kalmasa, bakin saƙar ne da kansa, shi ya sa yake lilo da kyau.

Anti ta tambaya ko gaskiya ne kowane dangi da nasa zanen. Yanzu haka ne, amma abin bai kai tsufan da ake zato ba. Bayan yaƙin Kuloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mazan yankin tsaunukan Sikotlan sa wannan tufa, ban da sojojinta, sai a 1782 aka soke dokar. Da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbura a 1822 ya fito da kilt, sai manyan gidaje kowa ya shiga neman nasa, masaƙa kuwa kasuwa ta buɗe, suka yi ta raɗa wa zane sunayen dangi. Tun 2009 ma akwai rajistar hukuma da ake shigar da sabon zane da ƙirgar zarensa. Gidan sarauta na da nasu mai ruwan toka, Balmoral, ba kowa ke sawa ba.

Batun ko za ka iya gwadawa da yadin kasuwar Kwari, za ka iya don koyo, amma nemi mai gida-gida wanda saƙa ne, mai ɗan nauyi. Mai bugu ka juya bayansa za ka ga ya koɗe, kuma yadi marar nauyi ba ya riƙe karin guga, kwana biyu tattarar ta baje. Ka fara da na yaro, yadi uku ya isa ka gane lissafin. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan koma shagon, in ta yarda in ɗauko maka hoton cikinsa kafin a sa shafi. Motata ta iso, a gaida su Inna.