Protobuf ya ƙi tashi a Ubuntu, ta ina gyaran yake?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina koyon Python ne aka ba mu aiki da Protocol Buffers. Na sauke protoc da apt a Ubuntu 22.04, na yi pip install protobuf, fayil ɗin _pb2.py ya fito lafiya, amma da na kunna sai ya ce min "Descriptors cannot be created directly". Na goge na sake, abu ɗaya. Kwamfutar ce ta lalace ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka ƙalau take. Abu biyu ka ɗauko daga wuri biyu kuma ba sa'annin juna ba ne, shi ne duk matsalar.

Kaga shi protobuf, wato Protocol Buffers a taƙaice, wanda Google suka saki ga jama'a a 2008, aikinsa dunƙule bayanai su koma bayit ƙanana da za a aika ko a adana, kuma ba a karanta shi da ido kamar JSON. Kafin ya yi aiki sai da abu biyu: protoc, mai karanta fayil ɗinka na .proto ya rubuto maka kod, da kuma laburaren da kod ɗin zai jingina da shi lokacin da manhajar ke gudana. Kamar kwaɗo da makullinsa ne. To apt na Ubuntu 22.04 protoc 3.12.4 yake bayarwa, tsoho ne sosai, shi kuwa pip sabon laburaren da ya fito yake jawo maka, kuma tun sigar 4.21 da ta fito a 2022 laburaren Python ya daina karɓar kod ɗin da protoc na ƙasa da 3.19 ya haɗa, in ka karanta saƙon kuskuren har ƙasa zaka ga shi da kansa ya faɗi hakan.

Za ka ga ana cewa ka mayar da laburaren baya zuwa 3.20, ko ka saka PROTOCOL_BUFFERS_PYTHON_IMPLEMENTATION=python. Duk suna kashe kuskuren amma gaskiya ni ban so ka fara da su. Na biyun ma nauyi yake ƙara wa manhaja, kuma tunda .proto ɗin yana hannunka meye na rufe ciwo alhali ga magani?

Ka shiga foldar aikin a tamina ka buga python3 -m venv .venv sannan source .venv/bin/activate, wato ka keɓe wa aikin nasa wurin ajiye laburare (in ya yi ƙorafi, sudo apt install python3-venv tukuna). Daga nan pip install grpcio-tools. Wannan kunshin yana ɗauke da nasa protoc a ciki kuma shi zai jawo laburaren da ya dace da shi, ko da baka da niyyar taɓa gRPC, wato tsarin da manhajoji ke kiran juna da shi ta intanet. Ka goge tsohon _pb2.py ɗin nan, wannan matakin mutane suke tsallakewa su dawo suna cewa bai yi ba, sannan ka buga:

python -m grpc_tools.protoc -I. --python_out=. --pyi_out=. dalibi.proto

Ka sa sunan naka fayil a wurin dalibi.proto. Shi --pyi_out ba dole ba ne, amma da shi VS Code zai riƙa nuna maka sunayen filaye, wato guraben bayanan da ka jera a .proto, kana rubutu, yana rage wahala ba kaɗan ba.

Da zarar ya tashi, kafin ka yi komai, pip freeze > requirements.txt, wanda zai rubuta sigar kowane laburare da ka sauke, ka ajiye shi tare da aikin. Wallahi wannan ɗan fayil ɗin shi ke hana rigimar "ni a tawa yana aiki" tsakanin abokan aiki. Layin protoc ɗin ma ka zuba shi a Makefile ko ƙaramin sikirif, kada kowa ya riƙa haɗa kod da wanda ya tsinta a kwamfutarsa. Ƙa'idar dai ita ce kada laburare ya zama ya fi protoc ɗin da ya haɗa kod tsufa, sababbin sigogi har dubawa suke su ƙi tashi in an saɓa.

Sai gwaji. Ka ƙirƙiri saƙo ɗaya, ka kira SerializeToString() ya koma bayit, ka mayar da shi da ParseFromString() ka ga ko abin da ka saka ne ya dawo. In ya dawo shikenan wurin aiki ya zauna.

Abu ɗaya da baka tambaya ba amma zai same ka nan gaba: lambobin da ke gaban filaye a .proto, irin = 1 da = 2, su ake rubutawa cikin bayit ɗin, ba sunayen ba. In ka canza lamba bayan an fara adana bayanai, tsofaffin za su karantu a karkace ba tare da wani gargaɗi ba. In ka cire fili ka sa lambarsa a reserved. Kuma 1 zuwa 15 bayit ɗaya kacal suke ci, ka bar su ga filayen da aka fi yawan aikawa.

In ya sake ƙi, turo min abin da pip show protobuf ya nuna da layukan farko na _pb2.py ɗin, mu duba tare.