Amsoshin tambayoyinku: rakiyar sayayyar sabon gida a Ingila

Wasiƙun wannan makon sun fi karkata ga masu shirin tafiya Ingila ziyara, waɗanda 'yan'uwa ko abokan da suka koma can da zama suka roƙe su su taya su sayen kayan sabon gida. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Aminiyata ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, ta kama hayar gida mai ɗaki biyu babu komai a ciki, kuma tana so idan na je hutun mako biyu mu haɗa gidan gaba ɗaya kafin mijinta da yara su iso. Ta ce akwai shagunan da ake ɗaukar kaya a riƙa biya a hankali, don haka za mu ɗauki saitin kujeru, gadaje, babbar talabijin da kafet a lokaci guda. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin faɗa mata. (Wata malamar makaranta, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kuma aminiyarki ta yi dacen 'yar rakiya. Ki sani cewa ke za ki yi mako biyu ki hau jirgi ki dawo Zariya, ita kuwa za ta zauna da duk wata takardar da ta sa wa hannu a gabanki har shekara uku ko huɗu, domin irin wannan wa'adin manyan shagunan kujeru suke bayarwa. Saboda haka ki riƙe a ranki cewa rage mata sauri shi ne taimako mafi girma da za ki yi mata a wannan tafiya.

Wannan ɗabi'a ta cika gida a mako guda ta daɗe tana damuna, kuma na san inda ta samo asali. Mun saba da jeren ɗakin amarya, inda ake so ranar da aka buɗe ƙofa ido ya ga komai a kammale, daga gado har kwanukan ado, don kada dangin miji su sami abin faɗa. To amma wancan jeren iyaye da dangi ne suka yi shekaru suna tara shi, a gidan da ake sa ran za a daɗe. Aminiyarki ita kaɗai ce da albashinta, a gidan haya da za ta iya bari cikin shekara guda idan aka canja mata asibiti ko mai gida ya ƙara kuɗi. Bizar aikin jinya a ɗaure take da wurin da ya ɗauke ta aiki, kuma ba ta ba ta damar karɓar tallafin gwamnati idan abubuwa suka cuɗe. Kafin ta ga ragowar albashi sai an cire haraji, sannan ta biya haya, harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida, wuta, gas, ruwa, intanet da kuɗin mota, kuma idan hunturu ya shigo kuɗin ɗumama gida kaɗai ya isa ya girgiza lissafinta. Ita kanta talabijin ɗin da take son saye tana da lasisi na shekara-shekara wanda ya haura fam 170 ga duk mai kallon shirye-shirye kai tsaye. Mutanen gida suna jin an ce fam, sai su buga shi da naira su ɗauka mai aiki a Ingila ta yi arziki, har ita ma ta fara jin dole hoton falon da za ta tura wa dangi ya dace da wannan zato. Ina roƙonki kada ki zama cikin masu ƙara mata wannan nauyi da kalmar "ai ke yanzu kin wuce wannan".

Tsarin biya a hankali irin na kamfanin Klarna da takwarorinsa yana da daɗin ji saboda sau da yawa babu kuɗin ruwa idan an biya a kan lokaci. Matsalar tana zuwa ne idan aka tara uku ko huɗu a shaguna daban-daban, kowanne da ranar cirarsa, wata guda ya zo da rashin lafiyar yaro ko saƙon gaggawa daga gida, sai biya ɗaya ya kuɓuce. Daga nan ana iya cin ta tara, kuma wannan saɓawa tana iya shiga rajistar tarihin biyan bashi, wadda bankuna da dillalan gidajen haya suke dubawa. Baƙuwar da ta zo jiya ba ta da wani tarihi a wannan rajista, don haka tabo ɗaya yana yi mata illa fiye da wanda aka haifa a can.

Abin da za ku yi a ranar farko shi ne ku zauna a gidan da tef ɗin awo da takarda, kada ku je ko'ina. Ku auna ɗakuna, ku auna faɗin ƙofar shiga da lanƙwasar matakala, domin tsofaffin gidajen Manchester da ke jere manne da juna matakalarsu a matse take, kuma kujerar da ta yi kyau a shago tana iya tsayawa a bakin ƙofa ta ƙi shiga, a caje ku kuɗin mayarwa. Ku ɗauki hoton kowane bango, kafet da tagar gidan kafin a shigar da komai, ku kwatanta da takardar lissafin kayan da mai gida ya bayar, saboda kuɗin ajiyar da ta biya, wanda dokar Ingila ta 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar, daga cikinsa ake cire duk ɓarnar da aka ce ta yi. Kada a huda bango don rataya talabijin ko labule sai da izinin mai gida a rubuce.

Bayan haka ku sayi abin da ba a kwana sai da shi: katifa sabuwa mai kyau, bargon cusawa mai kauri, labule mai nauyi da zai tare sanyi, tukwane biyu ko uku, butar dafa ruwa, farantai da ƙaramin teburin da yara za su ci abinci su yi aikin makaranta. A jikin bargon akwai lambar da ke nuna ɗuminsa, 4.5 na bazara ne, 13.5 na tsakiyar hunturu. Ki kula da awon gado, domin na mutum biyu a Ingila santimita 135 ne a 190, na sauran Turai kuma 140 a 200, kuma babban shagon kayan ɗaki na IKEA da ke Ashton-under-Lyne kusa da ku tana sayar da kaya masu awo iri-iri, sai mutum ya kai gida ya tarar katifa ba ta zauna a gado ba. Zannuwan gadon da za ki ɗinka mata a Zariya da awon shida da shida za su yi wa wannan gado yawa. Kujeru da talabijin su jira albashin wata na uku. Idan maigidan ya iso ya tarar da darduma mai tsabta da matasai a falo, babu abin da ya ragu daga darajarta.

Tambaya: Abokina ya tare a Birmingham. Ina so in saya masa sitabilaiza da ƙaramin murhun gas a kasuwar Sabon Gari in kai masa, tare da kilishi da man shanu. Ya kika gani? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Malam, sitabilaizar me? Wutar can ba ta hawa da sauka irin tamu, kuma gidan haya da murhunsa a kafe ake ba da shi. Da ka tambayi abokin naka a waya da ka huta da wannan wasiƙa. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace su a filin jirgi, ana kuma iya cin ka tara. Ka cika jakarka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, muciya da maburgi, waɗanda zai sha wuya kafin ya samu irin na gida.

Tambaya: Anti, ƙanwata ɗaliba ce a Manchester kuma kuɗinta kaɗan ne. Ta ce mu nemi kayan gwanjo, ni kuma ina tsoron cuta da ƙazanta, ina kuma jin kunyar a ce na je har Ingila na haɗa mata ɗaki da tsofaffin kaya. (Wata uwar gida, Katsina)

Amsa: Hajiya, ki cire kunyar nan daga ranki, ƙanwarki yarinya ce mai hankali. Turawan da kansu a nan suke saye. Ƙungiyoyin agaji irin su British Heart Foundation suna da shaguna na musamman na kayan ɗaki, inda ake samun tebur, durowa da gadon katako masu ƙwari a farashi mai sauƙi, ana gwada kayan lantarki kafin a sayar, kuma suna kawowa gida idan an biya kuɗin dako. Tsoronki na ƙazanta yana da wuri a abu biyu. Kada ku sayi tsohuwar katifa ko da kyauta aka ba ku, saboda kuɗin cizo, wanda idan ya shiga gida fitar da shi ya fi kuɗin katifar tsada. Kujerar soso kuma ku ɗaga matasanta ku haska tocilan waya a cikin ɗinki da lungunan katako, idan kun ga ɗige-ɗige baƙaƙe ku bar ta a nan, sannan ku nemi lakabin kariyar gobara da dokar 1988 ta wajabta a ɗinke a jikinta.

Inda nake so ku yi taka-tsantsan sosai shi ne saye daga hannun mutum a Facebook Marketplace. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗin kamu kafin a ga kaya, ko ya ce ya yi tafiya amma zai aiko direba, ɗan damfara ne. Ku je ku biyu da rana, ku gani da ido, sannan ku biya. Ki kuma sani cewa damar mayar da kaya mai aibi cikin kwana 30, da damar fasa cinikin intanet cikin kwana 14 bayan kaya sun iso, a kan shaguna da kamfanoni suke aiki, ba su shafi wanda ya sayar miki da kujerar ɗakinsa ba.

Kayan lantarki masu araha fiye da kima ku guje su. Baƙon da ke buga kowane farashi da naira yakan ga komai ya yi tsada, sai ya ja mai masaukinsa zuwa wurin mafi arha, kuma a Manchester a da wannan hanya takan kai mutum shagunan titin Bury New Road ta wajen Cheetham Hill, wanda ya yi ƙaurin suna da jabun kaya har 'yan sanda suka shiga rufe shagunansa tun ƙarshen 2022. Jabun jaka asarar kuɗi ce kawai, amma jabun caja, wayar jona wuta ko hita suna iya tayar da gobara cikin dare a ɗakin da aka rufe tagogi saboda sanyi. Filogin Ingila na gaskiya yana da fiyus a cikinsa, ƙafafunsa biyu na ƙasa suna da baƙar roba a gindinsu, kuma an rubuta BS 1363 a jikinsa. Ki juya shi ki duba da kanki. Kada a taɓa jona hita a wayar jona, bango kai tsaye ake sa ta. Kafin ki taho, ki danna maɓallin na'urar ƙararrawar hayaƙi da ke silin ki ji ta yi ƙara, idan ba ta yi ba ta sanar da mai gida a ranar, domin haƙƙinsa ne ya sa ta.

Tambaya: Tunda zan raka ƙawata sayayya, ina so ni ma in sayi firji da injin wanki in turo Kaduna. An ce ana mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi. (Wata ma'aikaciyar banki, Kaduna)

Amsa: Wanda ya faɗa miki tsohon labari yake riƙe da shi. Ingila ta daina mayar wa baƙi harajin sayayya na kashi 20 cikin ɗari a filin jirgi tun Janairun 2021, wataƙila ya haɗa ta da Dubai inda ake mayar da wani ɓangare na kashi 5. Wutar Ingila da filoginta sun dace da namu, saɓanin kayan Amurka masu aiki da wuta 120 waɗanda ke ƙonewa a soket ɗinmu, amma idan kika haɗa kuɗin jirgin ruwa, kwastan da dako daga Legas, kika tuna cewa garantin ba zai biyo ki Kaduna ba, za ki ga sayen firji a wurin dila na gaskiya a gida ya fi miki. Kin je taya ƙawarki ne, kada ki cinye ranakun hutunta da neman kamfanin dakon kayanki.

Tambaya: Ina tsoron idan mun shiga shago kuɗin aminina ya gaza ya ce in ranta masa daga guzurina. Ba na son in hana shi, ba na kuma son abin ya ɓata zumuncinmu na shekaru. (Wani malamin asibiti, Gusau)

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka yi wannan tunani tun kana gida. Ka yanke adadin da za ka iya bayarwa kyauta ba tare da ka ji ciwo ba, ka saya masa abu guda mai amfani da shi, katifa ko tukwane, ka ce wannan gudummawarka ce ta tarewa. Idan har ta kai ga rance, ku rubuta a saƙon waya kafin ku bar shagon: nawa ne, yaushe za a biya, kuma da fam za a biya ko da naira, domin canji yana motsi kuma a nan yawancin rigimar take tashi bayan wata shida. Rubuta bashi umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, don haka babu wanda zai ce ka raina shi. Kada ka taɓa kuɗin da ka ware na komawa filin jirgi da na ko-ta-kwana, kuma idan wasu sun ba ka saƙon kuɗi ka kai masa, ka tuna cewa tsabar da ta kai fam 10,000 dole ne a bayyana ta ga jami'an kwastan kafin a shiga Ingila.