Shin Niyural Netwok Zai Iya Kama Masu Kutse a Bayanan da Aka Kulle?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar ma'aikata. Na ji ana cewa niyural netwok na gano kutse ko da an kulle bayanan da ke wucewa. Ta yaya? Kuma idan na samu, sai in ajiye Snort, manhajar gano kutsen da muke amfani da ita?

Amsa: Malam, kar ka ajiye Snort tukuna. Tun fitowarsa a 1998 aikinsa shi ne riƙe alamomin hare-haren da aka riga aka sani, yana gwada duk abin da ya gifta da su. Sanannen hari yakan cafke shi, baƙo kuwa sai ya wuce salin-alin.

Shi niyural netwok lissafi ne hawa-hawa da ake horarwa da misalai, kuma ba sai ya buɗe saƙo ba. Ko da TLS, wato tsarin kulle saƙonni a intanet, ya kulle abin da ke ciki, girman kowane ƙunshin bayanai, tazarar lokacin da ke tsakaninsu, da adireshin da suka nufa duk a fili suke. Ɗauki kyamarar tsaro da kullum saba ɗaya (babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai) take aika wa hoto. Ranar da ta hau ƙwanƙwasa ƙofar telnet (hanyar shiga na'ura daga nesa) ta dubban adireshi, ta kamu ke nan. Haka muguwar manhajar nan Mirai ta riƙa yaɗuwa a 2016, har aka yi amfani da ita wajen durƙusar da kamfanin Dyn, mai kula da adireshin shafukan intanet, a watan Oktoba. Akwai nau'in niyural netwok da zirga-zirgar lafiya kawai ake nuna masa, ya matse ta ya sake gina ta. Duk abin da ya kasa ginawa daidai, sai ya buga ƙararrawa. Kitsune, wanda masu bincike na Jami'ar Ben-Gurion suka fitar a 2018, haka yake aiki, kuma ko a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi yana tafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙararrawar ƙarya. Ba kowane baƙon abu ne hari ba, sabunta manhaja ma na iya firgita shi. A ce haɗi miliyan 10 ke ratsa layinka a rana, ya yi kuskure a ɗaya cikin 1,000 kacal: ƙararrawa 10,000 ke jiranka. Wa zai bi su? Mako guda ya isa ma'aikaci ya daina kallo. Masu bincike Robin Sommer da Vern Paxson sun ja kunne kan wannan tun 2010. Shi ya sa ba na ruɗuwa da nasarar kashi 99 da ake tallatawa, musamman idan a kan tsofaffin bayanan gwaji na gasar KDD Cup ta 1999 aka auna.

Haɗa niyural netwok ɗin da Snort, ka bar shi yana saurare kawai na 'yan makonni, kar ya toshe komai, ka ƙirga ƙarya nawa yake yi a rana. Kafin horon kuma ka tabbata layin tsaf yake, domin idan mai kutse na ciki a lokacin, za a koyi motsinsa a matsayin na ɗan gida.