Bashin fam 40 tun 1966, alhali dokar Babban Banki ta lokacin an soke ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifinmu ya rasu watan jiya, muna duba akwatinsa sai muka ga takarda da ajami, ya rubuta cewa wani amininsa ɗan kasuwar gyaɗa ya ranta masa fam 40 a 1966, kuma babu inda ya nuna ya biya. Shi aminin ya riga shi rasuwa amma 'ya'yansa suna nan mun san su. Toh ƙanena da ke karatun lauya yace wai dokar da aka kafa Babban Banki da ita aka buga fam ɗin an soke ta tuntuni, fam ɗin ma babu shi, saboda haka bashin ya faɗi. Don Allah Malam mene ne hukunci kafin mu raba gado?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin a taɓa dukiyar.

Bashin bai faɗi ba. Ƙanenka ya faɗi gaskiya ta ɓangaren tarihi amma ya ɗora mata hukuncin da ba nata ba. Dokar 1958 ita ce ta kafa Babban Bankin Najeriya, ya fara aiki 1 ga Yuli 1959, kafin nan kuɗin hukumar Turawa ta Afirka ta Yamma muke kashewa. Wannan doka gwamnatin Babangida ta soke ta da doka mai lamba 24 ta 1991, ita ma ta 1991 ɗin aka soke ta da ta 2007. Toh amma ka lura, ba sokewar 1991 ba ce ta kawar da fam, tun 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira kuma hukuma da kanta ta yanke cewa fam ɗaya naira biyu ne, wato ko a dokar ƙasa ba a ce bashin mutane ya mutu ba, juya shi aka yi zuwa sabon kuɗi. Balle kuma a shari'a, bashi a wuyan mutum yake ba a jikin takardar kuɗi ba. Annabi (SAW) yace ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, Tirmizi ya ruwaito, sannan a Suratun Nisa'i Allah ya ambaci rabon gado ne bayan wasiyya da bashi.

Inda aikin yake shine nawa za ku biya, kuma nan ne nake so ka natsu.

Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan tun zamanin fulus na tagulla da sarki zai wayi gari ya hana karɓa. A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Khalil yace idan aka daina mu'amala da kuɗin a biya irinsa, idan kuma ya ɓace gaba ɗaya a biya ƙimarsa. Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa shi yana ganin ƙimar ranar da aka karɓi rancen za a duba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta tsaya a kan cewa bashi da irinsa ake biya ba da ƙima ba, don toshe ƙofar riba. Idan aka bi zahirin wannan, fam 40 naira 80 ce.

Ni dai gaskiya zuciyata ba ta kwanta da in ce ku miƙa wa 'ya'yan mutumin nan naira 80 ku ce kun sauke nauyi ba. A 1966 fam ɗinmu daidai yake da na Ingila, dala 2.80, zinare kuma oza ɗaya dala 35, ka lissafa za ka ga fam 40 ya kai kusan giram 100 na zinare, yau kuwa naira 80 ko mudun masara ba za ta saya ba. Mutum ya ɗauki jarinsa ya taimaki mahaifinku a lokacin da yake cikin matsi, sannan a mayar wa 'ya'yansa da abin da ko almajiri zai raina? Rahuni cikin malaman Malikiyya ya yi ƙaidi a nan, wato ya sa iyaka, yace biyan irinsa yana nan ne matuƙar canjin bai yi muni ba har mai bashi ya zama kamar wanda ya riƙe abin da ba shi da wani amfani, kuma wannan shine halin da kuke ciki. A kan wannan ra'ayin nake ba ku fatawa.

Amma kuma ba zan ɗora muku giram 100 na zinare dole ba, domin shi ma zinaren ya yi tashin da ya wuce na sauran kaya nesa ba kusa ba, kuma ba zinare aka ranta ba. Abin da za ku yi shine sulhu. Ku je ku same su da takardar, ku fara tambaya ko sun san an biya, don mai yiwuwa ya biya bai rubuta ba, idan suka tabbatar an biya ko suka yafe da yardar dukkan magadansu masu hankali balagaggu toh shikenan. Idan ba haka ba ku zauna da alƙali ko malamin unguwa da dattawa biyu da suka san farashin wancan lokaci, a duba me fam 40 ke saya na hatsi ko shanu, a yanke adadin da kowa ya yarda. Wannan ba riba ba ce tunda ba a sharɗanta ƙari ranar rance ba, kuma Annabi (SAW) yace mafi alherinku shine mafi kyautata biya.

A fitar da kuɗin daga dukiyar mamaci kafin rabo. Idan cikin magadanku akwai ƙananan yara, alƙali ne zai tabbatar da adadin a kan rabonsu, duk abin da kuka so ku ƙara na kyautatawa sama da haka ku manya ku cire daga naku. A rubuta, a sa shaidu. Wallahu a'alam.