Shin mutum zai iya haɗa na'urar jera kayan lantarki a kan allo da kansa?

Tambaya: Ina ƙera ƙananan allunan lantarki, kuma da hantsaki nake ɗora kowane rizista da kafasita ɗaya bayan ɗaya har idanuna su gaji. Na ji cewa akwai na'urar da ke yin wannan aiki da kanta, wadda zanenta da manhajarta a buɗe suke ga kowa. Zan iya haɗa ta da kuɗi kaɗan, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Za ka iya, kuma mutane da yawa sun riga ka. Sai dai yana da kyau ka san tun farko cewa wannan na'ura mataki ɗaya kawai take ɗauke maka daga cikin matakai uku. Kafin ta fara aiki, dole a shafa kwaɓaɓɓiyar dalma a kan allon ta hanyar siririn farantin ƙarfe mai ramuka, sannan bayan ta jera kayan sai a saka allon cikin tanderun narkarwa. Dalmar da aka fi amfani da ita a yau, SAC305, tana narkewa a kusan digiri 217 a ma'aunin Celsius, ita kuwa tsohuwar haɗin kuza da darma tana narkewa a digiri 183. Idan shafin bai yi kyau ba, kome ingancin jerin da na'urar ta yi, allon zai fito da matsala.

Game da manhaja, ban ga dalilin da zai sa ka rubuta taka ba. OpenPnP, wadda Jason von Nieda ya fara a shekarar 2011, ita ce mafi yawan masu haɗa irin wannan na'ura suke dogaro da ita. Tana karɓar fayil ɗin matsayin kaya da KiCad, manhajar zana allunan lantarki, ke fitarwa, tana aika umarni da G-code, harshen da injina irin firintar 3D ke bi, zuwa allon sarrafa injina, tana kuma sarrafa hotunan kyamara. A ɓangaren jikin na'ura kuwa, LumenPnP ta kamfanin Opulo ta fitar da zanenta a fili, kuma yawancin sassanta ana buga su ne da firintar 3D a ɗaura su a kan sandunan alminiyam. Ko da ba za ka kwafe ta ba, ka duba yadda aka tsara ta kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya.

Sashen da ke kai kan na'urar (ɓangaren da ke ɗaukar kaya) gaba da baya, hagu da dama, shi ne mafi sauƙi, domin kusan ɗaya yake da na firintar 3D. Ƙaramin inji mai juyawa taki-taki irin NEMA 17 yana yin taki 200 a zagaye ɗaya. Idan aka haɗa shi da bel ɗin GT2 da gargare mai haƙora 20, zagaye ɗaya yana tafiyar milimita 40, kuma idan aka raba kowane taki gida 16 sai a sami motsin milimita 0.0125. A takarda wannan ya wadatar sosai, ganin cewa rizista mai girman 0603 tsawonsa milimita 1.6 ne, faɗinsa 0.8. Abin da ke ɓata lissafin a zahiri shi ne bel mai sako-sako da firam da bai daidaita ba, saboda haka gara ka kashe kuɗinka kan layin dogon da kan yake gudu a kai da ka kashe shi kan inji mai ƙarfi.

Kan na'urar yana ɗaukar kaya ne da tsotson iska: ƙaramin famfo, bawul mai buɗewa da lantarki, da bakin tsotso, galibi irin na Juki, kamfanin da ke ƙera injinan jera kaya na masana'anta, wanda ake ɗaurawa a kan inji mai ramin tsakiya domin ya juya kayan zuwa kusurwar da ake so. Kyamarori biyu ake buƙata. Ta sama tana neman ɗigon alamar da aka zana a kan allo domin a san ainihin inda ya kwanta, ta ƙasa kuma tana duban kayan da aka ɗauko ta gyara karkacewarsa kafin a ajiye shi. A nan haske ya fi tsadar kyamara muhimmanci, domin tagulla da dalma suna ƙyalli, kuma ƙyallin yakan ruɗar da manhajar. Akwai wata rahama kuma: idan dalma ta narke, takan ja ƙananan kaya su zauna daidai a mazauninsu, don haka ƙaramin kuskure yakan gyaru da kansa. Wannan rangwamen ba ya isa ga guntun lantarki (chip) mai ƙafafu masu tazarar rabin milimita.

Inda wahalar take, a ganina, shi ne wajen miƙo kaya. Ƙananan kayan suna zuwa ne cikin tef mai faɗin milimita 8, mai ramuka a gefe kowane milimita 4, an rufe shi da siririyar leda da sai an ɓare ta a hankali, in ba haka ba kayan su yi tsalle su watse. Allo ɗaya yana iya buƙatar kaya iri ashirin ko talatin, kowane iri kuma da nasa mamiƙi, wato abin da ke turo tef ɗin zuwa inda za a ɗauki kayan, shi ya sa kuɗin mamiƙa masu inji kan kai ko ma ya zarce na sauran na'urar. Shawarata ita ce ka fara da yanka tef ka manna shi a kan gadon na'ura, ka ɓare ledar da hannu, kyamarar sama ta gano ramukan, domin OpenPnP tana da wannan tsari. Sai ka ƙara mamiƙa masu inji ga kaya huɗu ko biyar da ka fi amfani da su.

Kada ka sa ran gudun injinan masana'anta masu jera dubban gomai a awa ɗaya. Ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu shi ne abin da irin wannan na'ura ke yi. Shirya ta domin sabon allo yana cin lokaci, saboda haka idan alluna uku kawai za ka haɗa, hantsakinka ya fi sauri. Ribarta tana bayyana ne idan allo iri ɗaya kake maimaitawa hamsin ko ɗari. Gwajin farko kuma ka yi shi ba da dalma ba: manna tef mai gam fuska biyu a kan allon, ka bar na'urar ta jera kaya masu girman 0805, ka duba su da madubin ƙara girma, sannan ka sauko zuwa 0603.