Karɓar magani bashi kafin a biya diyyar hatsari a Amurka: wa zai biya a ƙarshe?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas. Wata biyu da suka wuce wata mota ta daki ta maigidana ta baya yana tsaye a danja. Ya ji ciwo a wuya da ƙugu, har yau bai koma aiki ba, kuma ba mu da inshorar lafiya. Mun ɗauki lauya. Likita ya rubuta masa magani kala huɗu, biyu kawai muka iya saye. Sai ofishin lauyan suka ce za su ba shi wani kati da zai riƙa karɓar magani da shi ba tare da ya biya ko sisi ba, sai an gama shari'a. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da ake bayarwa kyauta ba. Gaskiya ne? In ba mu ci shari'ar ba, wa zai biya? Kuma babu riba a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce.

Katin gaskiya ne, ba damfara ba ce, kuma kin yi daidai da kika ce ba kyauta ba ne. Bashi ne, abin da aka jinginar kuma shi ne diyyar da ake sa ran kamfanin inshorar wanda ya buge shi zai biya. Kalmar da za ki gani a takardar ita ce lien, wato jingina. Wani lokaci kuma za ki ji 'yan ofishin suna cewa LOP, suna nufin wasiƙar lamuni da lauya ke rubuta wa likita ko mai magani, yana alkawarin cewa in kuɗi sun fito zai cire musu haƙƙinsu kafin ya miƙa wa mai ƙara ragowar.

Abin da ya haifar da wannan sana'a shi ne yadda inshorar mai laifi ke biya. Ba ta biyan kuɗin magani yau, ta biya na gashin ƙashi gobe. Sau ɗaya take biya, dunƙule, ranar da aka yi sulhu ko kotu ta yanke hukunci, kuma hakan kan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara. Dokar tarayya ta 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda aka kawo ko ba shi da kuɗi, amma da zarar an sallame shi da takardar magani a hannu, aikinta ya ƙare. A wannan tsakanin ne kamfanonin jinginar magani suke cin abinci. Wasu katin suke bayarwa, a kai kantin magani a karɓa, su biya kantin nan take. Wasu kuma nasu kantin gare su, suna aiko da maganin gida. Duk abin da aka karɓa suna rubutawa, su tura wa lauya lissafi.

Akwai amfani a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Na farko lafiyarsa. Na biyu kuma shari'ar kanta. Ma'aikacin inshora da ke duba fayil abin da yake farauta shi ne giɓi: an rubuta magani huɗu, an sayi biyu, sai ya ce ashe ciwon bai kai yadda ake faɗa ba. Ba ruwansa da cewa aljihu ne ya hana. Don haka ko wace hanya kuka bi, kada a bar maganin nan biyu a takarda, kuma a gaya wa likita ya rubuta a fayil cewa rashin kuɗi ne ya jawo jinkirin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: farashi. Maganin jingina ya kan fi na tsabar kuɗi tsada, wani lokaci ninki-ba-ninki, saboda kamfanin yana jira, kuma yana iya yin asara. Mutane kan ce ai inshora ce za ta biya. A takarda haka ne, amma a zahiri daga rabon maigida ake cira, domin tukunyar tana da iyaka. A Texas, mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta wa direba ita ce dala 30,000 ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 60,000 ga duk waɗanda hatsari ɗaya ya shafa, kuma direbobi da yawa iyakar abin da suke da shi ke nan. Bari in yi miki misali da lissafin da na ƙirƙira don fahimta kawai. A ce an samu 30,000 ɗin cif. Lauya ya ɗauki sulusi, 10,000, wanda shi ne abin da aka saba in ba a kai ga shigar da ƙara ba. Kuɗin takardu 1,000. Asibiti 9,000. Likita da masu gashin ƙashi 6,000. Mai magani 2,500. Abin da ya rage wa wanda ya kwana da ciwon 1,500 ne. Da a ce maganin nan da ɗari uku aka saye shi hannu da hannu, kin ga abin da zai shigo gida ya ninka har da ɗori. Lauya nagari ya kan zauna da masu bin bashin a ƙarshe ya nemi ragi, kuma sau da yawa suna ragewa, amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba.

Kuma ba dole ne a yarda da lissafin yadda aka rubuta shi ba. A 2021 Kotun Ƙolin Texas, a shari'ar K & L Auto Crushers, ta ba wa ɓangaren da ake ƙara damar binciken ainihin farashin da masu jinyar lamuni ke karɓa daga kamfanonin inshora a kan irin aikin. Florida kuma a 2023 ta yi dokar da ta wajabta bayyana wasiƙar lamuni a shari'a. Ma'ana, in aka kumbura farashi, ɗaya ɓangaren zai iya tsaga shi a gaban kotu, a ƙi biyan duka, alhali mai magani yana nan riƙe da takardar da maigida ya sa wa hannu.

Ki lura musamman da man shafawa da ake haɗawa na musamman, da filastar kashe zafi da ake mannawa a baya. Su ne suka fi kumbura lissafi. In suna cikin huɗun nan, ya tambayi likita ko akwai makamancinsu mai sauƙi.

Tambayarki ta biyu ita ce mafi nauyi. In ba a samu komai ba, amsar tana cikin yarjejeniyar, ba a bakin sakatariyar lauya ba. Yarjejeniyoyin iri biyu ne. A wasu, in shari'a ta faɗi kamfanin ya yafe, asararsa ce. A wasu, kuma wannan ya zama ruwan dare a takardun lamuni, an rubuta ƙarara cewa mara lafiya ne ke da alhakin bashin ko an ci ko ba a ci ba. Mutane suna rikita wannan da maganar lauya ta cewa ba a biyansa sai an ci. Wancan ladan lauya ne kaɗai, bai shafi mai magani ba. Ku nemi kwafin takardar ku kawo gida, ku karanta a tsanake, ku sa lauyan da kansa ya nuna muku layin da ya yi maganar faɗuwa.

Abin da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne, wanda aka daka ta baya yana tsaye a danja da wuya a ɗora masa laifi. Dokar Texas tana hana diyya ne ga wanda kasonsa na laifi ya wuce kashi 50 cikin ɗari. Don haka abin tsoro a wajenku ba faɗuwa ba ne sosai, ƙarancin abin da ke cikin tukunyar ne. A tuna kuma wa'adin shigar da ƙara a Texas shekara 2 ne daga ranar hatsari.

Kafin a karɓi katin, ni da zan ba ku shawara, sai an ƙwanƙwasa wasu ƙofofi. Ku ɗauko takardar inshorar motarku ku nemi haruffan PIP. A Texas dole kamfani ya gabatar wa mai saye da wannan kariya, aƙalla ta dala 2,500, kuma tana cikin inshorar sai in mutum ya ƙi ta a rubuce. Tana biyan kuɗin jinya da wani ɓangare na albashin da aka rasa, ba tare da tambayar wa ke da laifi ba, kuma galibi ba a mayar da ita daga kuɗin sulhu. 'Yan uwanmu da yawa suna da ita ba su sani ba. A wannan takardar dai ku duba ko akwai kariyar da ke cike giɓi in inshorar mai laifi ta gaza. Masu karatu da ke New York nasu ya bambanta: can inshorar motar ce ke biyan jinya har dala 50,000 ko wa ke da laifi, amma sai an sanar da kamfanin cikin kwana 30, don haka buƙatar jingina ba ta kai ta Texas ba.

Sannan ki ɗauki sunayen magungunan ki tambayi farashinsu na tsabar kuɗi a kanti biyu ko uku. Irin waɗanda aka saba rubutawa bayan hatsari, su meloxicam, cyclobenzaprine da gabapentin, tsofaffin magunguna ne masu araha in aka sayi wanda ba na asalin kamfani ba. Walmart tana da jerin magungunan dala 4 tun 2006, akwai manhajar rangwamen magani ta GoodRx, akwai Cost Plus Drugs da ke aikowa gida. Tunda a Houston kuke, Harris Health, wato hukumar asibitocin gundumar Harris da Houston ke ciki, tana da shirin tallafi ga mazauna gundumar masu ƙaramin ƙarfi, wanda mutane ke kira gold card. Duk rasit ɗin da kuka biya ku adana, domin shi ma ana sa shi cikin abin da za a nema. Ba laifi ba ne a raba ƙafa: masu araha a saya, mai tsadar da ba makawa a ɗauka a katin.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: a yawancin jihohi an hana lauya biya wa wanda yake karewa kuɗin jinya, amma ƙa'idar lauyoyin Texas ta yarda ya ba da rancen kuɗin magani da ya zama dole. Ba wajibi ba ne a kansa, amma tambaya ba ta ɓaci. Ku kuma tambaye shi kai tsaye ko ofishinsa yana da wata alaƙa ta kuɗi da kamfanin katin.

Game da riba, abu biyu ne ake haɗawa. Sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu, in an yanke farashin tun farko, jumhurin malamai sun halatta shi. Amma in takardar ta ce bashin yana ƙaruwa da kaso kaza duk wata har a biya, wannan kuɗin ruwa ne, kuma shi ne abin da ya fi yawa a wajen kamfanonin da ke ba masu shari'a rancen tsabar kuɗi, waɗanda su ma za su fara kiran wayarku in ba su riga sun fara ba. Akwai kuma batun rashin sanin farashi da ranar biya lokacin sa hannu, wanda shi ma malamai suna dubawa. Shi ya sa nake cewa ku nemi jerin farashin a rubuce, magani-magani, kafin a karɓi ƙwaya ɗaya. Da shi za ku je wajen malaminku, da shi kuma za ku kwatanta da farashin kanti.

In kun karɓi katin, ku roƙi a riƙa turo muku lissafi duk ƙarshen wata, kuma in aikowa gida ake yi, ranar da likita ya ce a daina wani magani ku kira su a tsayar da shi, ku bi da saƙo a rubuce, domin wasu kan ci gaba da aikowa suna rubutawa.