Ina aka kwana a ƙoƙarin kai intanet ga kowa a duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce. Shekara da shekaru ina jin labarin taruka da alkawuran biliyoyin daloli da Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanoni suke yi domin kai intanet da kayan fasaha ga ƙasashe matalauta, amma har yau akwai ɗaliban da hannunsu bai taɓa sauka a kan kwamfuta ba. Waɗannan shirye-shirye suna tsinana wani abu kuwa, ko dai surutu ne? Kuma me ya hana a gama aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. An yi aiki, kuma ba ƙarami ba, sai dai ɓangaren da ya fi sauƙi aka fi yi. An shimfiɗa wayoyi a ƙarƙashin teku, an kakkafa turakun sabis. Abin da ya rage shi ne mutumin da sabis ya iso har ƙofar gidansa amma bai iya amfani da shi, kuma wannan ba aikin da ake gamawa da yanka zare a gaban 'yan jarida ba ne.

Maganar ta girmi intanet ɗin da muka sani. A 1984 wani kwamiti da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta kafa ƙarƙashin jagorancin Donald Maitland ya ba da rahoton da ya girgiza mutane, inda ya nuna cewa wayoyin tarho da ke birnin Tokyo kaɗai sun fi na nahiyar Afirka baki ɗaya yawa. Bayan haka aka yi babban taron duniya kan sadarwa a Geneva a 2003 da Tunis a 2005. A wannan shekara ta 2005 masu amfani da intanet a duniya wajen biliyan 1 ne kawai. A ƙididdigar ITU ta 2024 sun kai biliyan 5.5, wato kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya. Duk wanda ya ce ba a motsa ba, bai yi wa waɗannan alƙaluma adalci ba. Amma a ƙididdigar guda akwai mutum biliyan 2.6 da ke waje. A ƙasashe masu arziki kashi 93 cikin ɗari suna kan intanet, a matalauta kashi 27 ne, a Afirka kuma 38. Muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun yi alkawarin intanet mai rahusa ga kowa a ƙasashe mafi talauci kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce, alkawarin bai cika ba.

Ga lissafin da nake so ki riƙe, domin shi ne zuciyar amsar. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, a rahotonta na 2024 ta raba waɗanda ba sa kan intanet gida biyu. Waɗanda sabis ɗin intanet na waya bai kai inda suke ba kwata-kwata kusan miliyan 350 ne, kashi 4 cikin ɗari na mutanen duniya. Waɗanda kuma sabis ya lulluɓe garinsu amma ba sa amfani da shi sun haura biliyan 3. Kusan ninki tara ke nan. Duk da haka, idan kika saurari jawaban taruka za ki ji kamar matsalar duka ta turaku ce da tauraron ɗan'adam. Dalili ba ɓoyayye ba ne: turke ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, mai ba da tallafi yana iya nuna shi ga majalisar ƙasarsa. Koya wa dattijuwa yadda za ta aika saƙo ba ta da hoto irin wannan.

Gaskiya kuma ita ce, yawancin ginin da aka yi ba ƙungiyoyin duniya suka yi shi ba, 'yan kasuwa ne. Wayar ƙarƙashin teku ta SEACOM ta isa gabashin Afirka a 2009, EASSy da MainOne suka biyo a 2010, Google ya kawo Equiano a 2022, ga kuma 2Africa da kamfanin Meta mai Facebook da abokan hulɗarsa suka shimfiɗa mai tsawon kilomita 45,000. Aikin hukumomin duniya ya fi karkata ga auna abu da sa ma'auni, kuma ba na raina wannan. Hukumar da ITU da UNESCO suka kafa a 2010 ta tsayar da cewa kuɗin data na matakin farko bai kamata ya wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin abin da mutum ke samu a wata ba. Tun da aka samu wannan ma'auni, ɗan jarida ko ɗan majalisa yana iya tambayar ministansa dalilin da ya sa ƙasarsu take ninka shi. Alkawuran kuɗi ne nake yi wa kallon hadarin kaka. Shirin Partner2Connect na ITU ya tara alkawuran da suka haura dala biliyan 50, amma kaso mai yawa a ciki jari ne da kamfanoni ke shirin zubawa a kasuwancinsu, ba kyauta ba. A watan Satumba na 2024 kuma shugabannin duniya suka amince da wata yarjejeniyar fasahar zamani a New York, wadda ba ta tilasta wa kowace ƙasa komai.

Tunda ke malama ce, bari in daɗe a kan labarin da ya fi shafar aji. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya a kan dala 100. Farashin bai taɓa saukowa haka ba, ya tsaya kusa da ninki biyu. Ƙasar Peru ta raba fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantu 319 ya fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, horon da aka ba malamai kaɗan ne, kwamfutar da ta lalace kuma sai ta daɗe a ajiye. Ita kuwa Uruguay, da irin wannan kwamfutar ta fara shirinta na Ceibal a 2007, amma ta haɗa da intanet a makarantu, da horar da malamai, da wuraren gyara, da hukuma mai kasafin kuɗi na kowace shekara. Zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu tasa. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, Uruguay na cikin ƙasashen da karatu ya ci gaba da gudana daga gida ba tare da wahala mai yawa ba. Na'ura iri ɗaya aka raba a ƙasashen biyu. Abin da ya bambanta su shi ne malami da mai gyara da kuɗin shekara ta biyu da ta uku.

Wasu shirye-shiryen ba su ma kai haka ba. Balan-balan ɗin Loon na kamfanin da ya mallaki Google sun fara ba da sabis a Kenya a 2020, aka rufe shirin a farkon 2021 saboda tsada. Facebook ya kawo Free Basics, inda ake shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, Indiya ta hana shi a Fabrairun 2016 bisa hujjar cewa bai kamata kamfani ya zaɓa wa talaka abin da zai gani ba.

To me ke tsare waɗancan biliyan 3? Binciken GSMA yana ta maimaita abu biyu: tsadar wayar kanta, da rashin iya karatu ko sarrafa ta. Mutum zai iya lallaɓawa ya sayi data kaɗan-kaɗan, amma wayar zamani dunƙulallen kuɗi take so, kuma ga talaka mafi arha a cikinsu tana iya cinye babban kaso na abin da yake samu a wata. Sai wuta. Kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, shi ya sa nake ɗaukar shirin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na kai wuta ga mutum miliyan 300 kafin 2030 a matsayin shirin intanet, ko da ba haka aka sa masa suna ba. Sai harshe: kusan rabin shafukan intanet da Turanci suke, wanda bai ji shi ba kuma yakan shiga ya tarar ba a ajiye masa komai ba. Mata ne suka fi shan wahalar duk waɗannan. A kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara, yiwuwar mace ta yi amfani da intanet na waya ta gaza ta namiji da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba saboda kara. Makullan da yawa suna hannun gwamnatocin ƙasashen ne, ba a Geneva ba. Gwamnati ce ke ɗora harajin shigo da waya, ita ke tsawwala kuɗin lasisi da na izinin haƙa hanyar waya, ita ke barin kamfani ɗaya ko biyu su mamaye kasuwa. Farashin data a Indiya ya faɗi warwas bayan kamfanin waya na Jio ya shiga kasuwa a Satumbar 2016, ba da tallafin kowa ba, gasa ce ta yi aikin. Ƙasashe da dama suna karɓar wani kaso daga kamfanonin waya da sunan asusun kai sabis karkara, kuɗin kuma ya yi ta kwanciya ba a kashe ba. Wasu ma da hannunsu suke kashe intanet lokacin zaɓe ko zanga-zanga ko jarrabawa: ƙungiyar Access Now ta ƙirga irin wannan katsewa sau 283 a ƙasashe 39 a 2023 kaɗai.

Game da makarantu, shirin da ya kamata ki sa wa ido shi ne Giga, wanda UNICEF da ITU suka fara a 2019 da nufin haɗa kowace makaranta da intanet kafin 2030. Ba na zaton za a cimma wannan wa'adi, amma hanyar da suka bi ta burge ni. Sun fara da zana taswirar inda makarantu suke, sun kuma sa fiye da miliyan 2 a kai, domin ma'aikatun ilimi da yawa ba su da cikakken lissafin inda makarantunsu suke, balle ƙarfin sabis ɗin da ke isa gare su. Suna kuma auna saurin intanet ɗin makaranta a kai a kai, yadda kamfanin da aka ba kwangila ba zai karɓi kuɗi a kan layin da ya mutu ba. Tauraron ɗan'adam irin na Starlink yana da amfani ga makarantar da ke nesa da kowane turke, idan makaranta ko unguwa ce za ta haɗu ta biya, domin kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin gidan talaka.

Idan wata rana aka zo makarantarku da kwalaye da alkawari, Malama, ki tambayi wanda zai biya kuɗin intanet bayan shekarar farko, da inda wutar caji za ta fito, da wanda zai gyara abin da ya lalace, da tsawon horon da za a ba ku kafin a miƙa wa yara. Ki nemi a rubuta amsoshin a takardar yarjejeniya, shugaban makaranta ya riƙe kwafi.